Wace taya ce ta fi sakin keke a kwaltar Damagaram?

Duk wanda ya mallaki keken tsere ya shiga neman taya, tambayarsa ta farko ita ce wacce ta fi gudu. Alƙaluman da ake yawo da su a intanet an samo su ne a ɗakin gwaji, inda ake ɗora taya a kan gangar ƙarfe mai juyawa, ba ƙaya, ba yashi, ba ranar watan Afrilu. Hanyar Miriya ko ta Takeita ba haka take ba. Duk da haka alƙaluman suna da amfani sosai, muddin an san abin da suke aunawa da abin da suka bari a baya.

Inda ƙarfin ƙafa yake ɓacewa

Da yawa suna zaton gogar taya da kwalta ce ke riƙe keke. Ba nan ne asarar take ba. Duk lokacin da taya ta juya, wurin da ya taɓa ƙasa yana lotsewa a ƙarƙashin nauyin mahayi, sannan ya miƙe idan ya bar ƙasa. Roba da zaren da ke cikinta ba sa mayar da dukkan ƙarfin da aka lotsa su da shi; wani kaso yana zama zafi ya tafi. Tayar keken tsere tana da kewayen kusan mita 2.1, wato a gudun kilomita 30 cikin awa tana juyawa kusan sau huɗu kowace daƙiƙa, kuma a kowane juyi ana biyan wannan haraji. Shi ake nufi da turjiyar taya.

Daga nan za a gane abin da ke sa wata taya ta fi wata. Roba mai kauri ta fi cin ƙarfi. Saƙa mai kaurin zare ta fi cin ƙarfi. Ɗamarar kariya da ake shimfiɗawa ƙarƙashin robar don tare ƙaya ita ma tana ci. Tub ɗin da ke ciki yana lotsewa tare da tayar, shi ma da nasa rabon. Wato duk abin da ke kare taya daga faci yana rage mata gudu, kuma zaɓen taya ciniki ne tsakanin waɗannan biyun.

Ana rubuta turjiyar da wata ƴar lamba da ake kira Crr. Lissafinta ba wuya: a ninka lambar da nauyin mahayi da kekensa a kilo, a ninka da 9.81, a ninka da gudu a mita cikin daƙiƙa, sai a samu ƙarfin da tayoyin biyu ke ci, a ma'aunin wat. A ɗauki mahayi mai kilo 70 da keke da goran ruwa kilo 10, jimla 80, yana tafiya kilomita 30 cikin awa, wato mita 8.33 a daƙiƙa. Idan Crr 0.003 ce, tayoyinsa na cin wat 20. Idan 0.0045 ce, wat 29. Idan 0.006 ce, wat 39. Idan ta kai 0.008, kamar yadda ake samu a tayoyi masu arha masu kaurin roba, ta haura wat 50. Mahayi shi kaɗai a shimfiɗaɗɗiyar hanya a wannan gudun yana fitar da wat 140 zuwa 170 ne gaba ɗaya, mafi yawansu iska ce ke cinyewa. Saboda haka wat 20 ba ƙaramin abu ba ne: ya kai kusan kilomita ɗaya da rabi cikin awa, wato kamar minti huɗu a tseren kilomita 40. Wat 3 kuwa bai wuce daƙiƙa 40 ba a wannan nisan. A riƙe waɗannan lambobi biyu, minti huɗu da daƙiƙa 40, don a kansu dukkan shawarar ta rataya.

Tayoyin, aji aji

Wani sanannen ɗakin gwaji a ƙasar Holand yana auna tayoyi a kan ganga mai faɗin santimita 77, da nauyin kilo 42.5 a kan taya ɗaya, a gudun kusan kilomita 29 cikin awa. Lambar da yake bayarwa ta taya ɗaya ce, sai an ninka ta biyu kafin a samu ta keke. Wannan kuskure ne da ake yawan yi wajen kwatance.

A can sama akwai tayoyin tseren agogo, wato tseren da ake auna lokacin kowane mahayi shi kaɗai, irin su Vittoria Corsa Speed da Continental Grand Prix 5000 TT. Robarsu siririya ce ƙwarai, ɗamarar kariya ko dai babu ko kuma ƴar kaɗan ce, Crr ɗinsu tana tsakanin 0.002 da 0.0025. An yi su ne don rana ɗaya a hanyar da aka share, da mota a baya ɗauke da wata ƙafar keke. A nan Damagaram ba su da muhalli. Abin da suke ba ka a kan aji na biyu wat uku ne zuwa biyar, tsidau guda ɗaya kuma ya ishe su.

Aji na biyu shi ne na tayoyin tsere na gama-gari: Continental Grand Prix 5000, Vittoria Corsa Pro, Schwalbe Pro One, Michelin Power Cup, Pirelli P Zero Race. Crr ɗinsu tana wajen 0.003 zuwa 0.0035. Grand Prix 5000, wadda ta fito a 2018, ita ce ake auna sauran da ita. Mai faɗin milimita 25 ta ci kusan wat 10 a waccan ganga da tub na yau da kullum. Saƙarta nailan ce, tana da ɗamarar Vectran, wani zare mai ƙarfi, a ƙarƙashin roba, tana kuma jure tafiya mai nisa kafin ta cinye. Corsa Pro saƙar auduga ce, tana da laushi a jiki, tana shanye kurajen kwalta fiye da nailan, amma gefenta ba ya son burji da bakin rami, kuma robarta ta fi saurin cinyewa. Pro One da P Zero Race suna tsakiya. Gaskiyar magana, bambancin da ke tsakanin waɗannan biyar ɗin wat ɗaya ne zuwa uku a keke, kuma jerinsu yana canzawa daga gwaji zuwa gwaji da kuma daga shekarar ƙira zuwa wata. Ba abin da za a tsaya musu a kai ba ne. Wacce aka samu sabuwa, ta gaskiya, a faɗin da ya dace, ita ce ta fi.

Aji na uku tayoyin horo ne masu ɗan gudu, irin su Vittoria Rubino Pro da Continental Ultra Sport. Suna wajen 0.004 zuwa 0.005. An yi asarar kamar wat 8 zuwa 12 idan aka kwatanta da aji na biyu, amma kuɗinsu bai kai rabi ba sau da yawa, kuma robarsu ta fi kauri. Ga wanda kuɗin taya ɗaya kawai yake da shi a shekara, wannan ajin ya cancanci a dube shi da kyau.

Aji na huɗu na masu sulke ne. Continental Gatorskin ita ce misali: saƙa mai kauri, ɗamarar kariya, da wata raga da ta rufe gefe. A ganga tana cin kusan ninki biyu na Grand Prix 5000, wato wat 19 ko 20 a taya ɗaya. Schwalbe Durano da ire-irenta suna nan kusa. Marathon Plus mai ɗamarar roba ta milimita 5 ta wuce su duka a kariya, amma ta bar sahun tayoyin tsere, ta masu zirga-zirgar cikin gari ce.

Sai tayoyin da suka fi yawa a kasuwanninmu da na Kano, masu bakin waya, irin na Kenda da CST da Chaoyang na ƙananan farashi. Kamfanonin nan suna da tayoyi masu kyau a samansu, amma waɗanda ke isowa nan galibi na ƙasa ne: zare mai kauri, roba mai tauri. Abin takaici da su shi ne suna da nauyin gudun Gatorskin ko fiye, ba tare da ɗamararta ba. Kaurin roba kawai suke kare kansu da shi.

Wani abu game da lambar TPI da ake bugawa a kwali, wato yawan zare a inci ɗaya. Zare ya fi yawa, ya fi siranta, saƙa ta fi laushi. Amma kamfanoni ba sa ƙirga ta iri ɗaya. Continental tana tara shimfiɗu uku: 330 ɗin Grand Prix 5000 na nufin 110 sau uku, 180 ɗin Gatorskin kuma 60 sau uku. Vittoria tana rubuta 320 ga saƙar audugarta ta shimfiɗa ɗaya. Kada a kwatanta lambar wani kamfani da ta wani. Kuma haɗin robar ya fi TPI tasiri. Grand Prix 5000 mai 110 tana gaba da tayoyi da yawa masu lambar da ta fi tata.

Nauyi kuwa a bar shi. Ƙarin giram 200 a tayoyi biyu bai kai kashi ɗaya bisa goma na wat ɗaya ba a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ƙasarmu kuma ba ta da hawan da zai sa a ji shi.

Abin da ke cikin tayar

Tub baƙi na butil shi kowa ya sani. Yana riƙe iska kwanaki, kowane mai faci ya iya shi, nauyinsa giram 100 zuwa 120. Shi ne mafi cin ƙarfi, musamman mai kauri da ake sayarwa a matsayin mai jure ƙaya.

Na lateks, mai launin ruwan hoda ko kore, ya fi shi miƙewa, yana rage wat uku zuwa biyar a keke. Wannan riba ce da ta kai ta sauya aji guda na taya, da kuɗi kaɗan. Matsalarsa uku. Yana zubar da iska, kusan bar ɗaya a kwana (bar ma'aunin matsin iska ne), dole a buga famfo kafin kowace fita. Yana kutsawa duk wata kafa, don haka idan tef ɗin rim ya goce ko an cije shi da bakin taya wajen sawa, zai fashe da ƙara. Sannan zafi da rana da mai suna lalata shi. Wanda ya shekara a shago mai rufin kwano mai yiwuwa ya riga ya mutu ko da yana cikin kwalinsa. A shafa masa hoda kafin a saka, a ba shi ƴar iska ya ɗauki siffa, a bi bakin tayar gefe da gefe a tabbata ba ya leƙowa kafin a cika.

Na TPU, mai kama da leda, giram 30 zuwa 40 ne, gudunsa ya kusa na lateks, yana riƙe iska fiye da shi, yana naɗewa ƙarami a aljihu. Amma gam ɗin faci na yau da kullum ba ya kama shi, facin wuta kuma narkar da shi zai yi. Sai da nasa facin na musamman. Kada a hura shi sosai a wajen taya, don idan ya kumbura ya miƙe ba ya komawa.

Sai tubles, wanda ƴan kabu-kabu suka riga suka sani a babura. A keke yana bukatar taya mai alamar TR ko TLR ko TLE, rim da aka yi dominsa, tef mai toshe ramukan sifoko, bawul na musamman, da ruwan toshi mililita 40 zuwa 60 a kowace taya. Gudunsa daidai yake da na lateks. Amfaninsa a nan ba gudun ba ne, ƙaya ce. Hujin tsidau ko na ƙayar bagaruwa siriri ne, irin wanda ruwan ke toshewa cikin juyi kaɗan, sau da yawa mahayi bai ma sani ba. Yankan kwalba da ya wuce milimita uku ko huɗu kuwa ya fi ƙarfinsa, sai an cusa igiyar toshi ko an sa tub, don haka tub ɗin ajiya ba ya barin aljihu. Inda tubles ke ba mutane kunya a yanayinmu shi ne bushewa. Ruwan da kwalbarsa ta ce zai yi wata shida, a bazara yana iya daskarewa cikin wata biyu ko ƙasa. A riƙa cire cibiyar bawul duk wata ana duba shi da siririn tsinke, ko a girgiza ƙafar keken kusa da kunne. Idan ba a ji motsin ruwa ba, ana tafiya ne ba kariya. Wanda ba shi da hanyar samun ruwan a kai a kai, gara ya tsaya a tub.

Akwai hanyar tsakiya: tub na butil mai cibiyar bawul da ke kwancewa, a zuba masa mililita 30 na ruwan toshi. Ba ya kai tubles, amma yana kashe ƙananan hujin ƙaya da yawa. Aibinsa shi ne faci ba ya kama wurin da ruwan ya jiƙa sai an goge sosai.

Tayar da ake mannawa a rim da gam, wadda ƙwararru suka daɗe suna tsere da ita, kan zo a kekunan gwanjo. Gam ɗin yana laushi a zafi, gyaran hujinta ɗinki ne, sabuwarta ba ta samuwa. A sauya ƙafafun keken ya fi sauƙi.

Iska, inda aka fi yin asara

A kan ganga, duk ƙarin iska yana rage turjiya, don taya ta rage lotsewa. Wannan ne ya sa aka daɗe ana cika taya mai milimita 23 har bar 8 ko 9, har yanzu kuma akwai masu matsa taya da yatsa su ce sai ta zama dutse. A kan hanya ta gaske akwai asara ta biyu da ganga ba ta gani. Taya mai tauri ba ta haɗiye kurajen kwalta, tana tsalle a kansu, keke da mahayi suna karkarwa, naman jiki yana shanye wannan girgizar ya mai da ita zafi. Ƙarfin nan daga ƙafa ya fito. Saboda haka idan ana ƙara iska, turjiya tana sauka a hankali har wani matsayi, daga nan sai ta juya ta yi sama da sauri. Kwalta ta fi kaushi, matsayin juyawar ya fi zuwa da wuri.

Abin lura shi ne gefen biyu ba daidai suke ba. Idan iskarka ta gaza da rabin bar, asararka wat ɗaya ce ko makamancin haka. Idan ta wuce da rabin bar a kwalta mai tsakuwa, asarar tana iya ninka wannan sau da yawa. Kuma jiki yana yaudara: taya mai tauri tana sa a ji kamar ana gudu saboda karkarwar ta yi yawa, alhali agogo yana faɗin akasin haka.

Ga mahayi mai kilo 70 a kwaltar da ta ɗan tsufa, wurin farawa shi ne bar 5.5 zuwa 6 a taya mai milimita 25, bar 4.5 zuwa 5 a mai 28, kusan bar 4 a mai 32. Ta gaba a rage mata 0.2 ko 0.3, don nauyi ya fi zama a baya. Duk kilo 10 na ƙari ko ragi a jikin mahayi, a motsa kusan bar 0.4. Wanda ma'auninsa psi ne ya ninka da 14.5. Iyakar ƙasa ita ce inda rim ke fara dukan bakin rami. Alamarta huji biyu a jere a jikin tub. Idan aka ga wannan, ba ƙaya ba ce, iska ce ta gaza, ko kuma tayar ta yi siriri da hanyar.

Zafi ma yana da hannu. Tayar da aka cika bar 6 da asuba ana digiri 25, idan iskar cikinta ta kai digiri 50 a kan kwaltar rana, za ta haura bar 6.5 ba tare da an taɓa ta ba. Don haka a bazara, idan fitar za ta kai hantsi, a bar ƴar rata. Keken da aka jingine a rana da iska daf da iyakar da aka rubuta a gefen taya yana iya fasa tub yana tsaye. Masu sababbin rim na kabon marasa ƙugiyar baki su kiyaye sosai: iyakarsu bar 5 ce, kuma sai tayar tubles da kamfani ya amince da ita. Wani ɗan rangwame da zafi ke yi shi ne roba mai ɗumi ta fi sakin keke. Taya ɗaya ta fi gudu a watan Mayu fiye da safiyar hunturu.

Duk wannan ba ya yiwuwa sai da famfo mai ma'auni. Injin mai faci na bakin hanya bakinsa na bawul ɗin mota ne, siririn bawul na keken tsere sai da ƴar mahaɗa, kuma yana cika ƴar taya cikin ƙiftawar ido ya wuce gona da iri. Famfon ƙasa mai agogo ya fi duk wata taya mai tsada rama kuɗinsa.

Faɗi

A iska ɗaya, taya mai faɗi ta fi siririya sakin keke, domin sawunta a ƙasa gajere ne mai faɗi, gefenta bai cika lanƙwasa ba. Idan aka rage mata iska yadda ya kamata, sai su zo kusan daidai a kwalta mai santsi, amma mai faɗin ta wuce a mai kaushi, ta fi riƙo a kwana, ta fi tsira daga bakin rami, kuma ba ta nutsewa nan take idan aka faɗa yashin da iska ta kwaso ta zuba a kan titi. Ƙwararrun Turai da kansu sun bar 23 sun koma 28 da 30. Abin da mai faɗi ke biya shi ne ɗan ƙarin tare iska, wanda ba a jin sa sosai sai gudu ya haura kilomita 35 ko 40 cikin awa, ko kuma idan tayar ta fi rim ɗinta faɗi da yawa.

Mai hana ruwa gudu shi ne firam. Tsofaffin kekuna masu birkin rim, waɗanda su ne suka fi yawa a hannun mahayanmu, da yawansu 25 ce iyakarsu, wasu suna karɓar 28 da ƙyar. A auna, a bar aƙalla milimita 3 ko 4 ta kowane gefe da kuma sama a ƙarƙashin birki, don tsakuwa ko laka ta damina ta samu wurin wucewa. A sani kuma lambar da ke jikin taya ba ita ce faɗinta na ƙarshe ba: mai 25 a rim mai cikin milimita 19 ko 21 tana iya buɗewa ta kai 27.

Wajen saye a duba lamba 622 a gefen taya, misali 28-622, wato 700x28C. Tsohuwar inci 27 lambarta 630 ce, tayar manyan kekunan dako da ake kira inci 28 kuma 635. Dukkansu suna kama da juna a rataye a shago, ba wadda ke hawa rim ɗin wata.

Gwanjo da jabu

Taya mai babban suna da ta yi shekaru a ajiye ba ita ce wadda aka gwada a ganga ba. Roba tana taurara da tsufa, riƙonta ya ragu, ta fara tsagewa. A lanƙwasa ta a hannu a duba gefe. Idan ƙananan tsaga suka buɗe ko zare ya fito, a ajiye. A bi cikinta da yatsa a ji ko akwai yanka da aka manne. Tayoyin Continental suna da ƴan ramuka biyu a tsakiyar roba. Idan sun shafe, tayar ta ƙare. Tsakiyar da ta baje ta zama fili ita ma alama ce. Irin wannan tayar takan yi gudu sosai don robarta ta siranta, amma kowace ƙaya ƙofa a buɗe take samu.

Jabun manyan sunaye yana yawo a kasuwannin intanet. Sikeli yana taimakawa: Grand Prix 5000 ta tub mai milimita 25 tana wajen giram 220, bakinta na zare ne mai naɗewa. Wadda ta zo da bakin waya, ko ta haura wannan nauyin da nisa, ko farashinta ya yi daɗi fiye da kima, akwai magana.

A gida a rataye tayoyin ajiya a inuwa, nesa da janareta da jarkar fetur.

Gwaji da kanka

Juya ƙafar keke a sama da hannu a ga wacce ta fi daɗewa ba ya faɗin komai game da taya. Ƙwallayen cibiya kawai yake gwadawa, tunda ba nauyi a kai. Gwajin da ke aiki shi ne na gangara. A nemi ƴar gangara da ke ƙarewa a shimfiɗaɗɗen wuri, a hanyar da ba motoci, da asuba kafin iska ta tashi. A hunturu wannan na nufin da wuri sosai. A ja layi. Mahayi ɗaya, tufafi ɗaya, zama ɗaya a kan keke, ya saki birki ba tare da taka feda ba, a sa alama inda ya tsaya. A yi sau biyar ko shida, a sauya taya a maimaita, sannan a koma ta farko don a tabbata ba iska ce ta canza ba. Gudun kada ya wuce kilomita 15 zuwa 20 cikin awa, in ba haka ba iska ake aunawa. A lissafi, gangarar mita ɗaya tana kai keke mita 250 da Crr 0.004, mita 167 da 0.006, iska za ta rage duka biyun, amma ratar tana fitowa fili. Gwajin yana iya raba aji da aji, yana kuma nuna iskar da ta fi dacewa da wannan kwaltar idan aka riƙa rage rabin bar ana maimaitawa. Ba ya iya raba Pro One da Grand Prix 5000.

To wacce za a saya

A dawo kan lambobin nan biyu. Tashi daga taya mai arha ko mai sulke zuwa aji na biyu minti huɗu ne ko fiye a kilomita 40. Tashi daga aji na biyu zuwa na farko daƙiƙa 40 ne zuwa minti ɗaya. Faci ɗaya a hanya minti biyar ne zuwa goma ga mai saurin hannu, a tsere kuma ayari ya tafi ke nan.

Mai tsere da firam ɗinsa ke karɓar 28, ya ɗauki ɗaya daga aji na biyu mai saƙar nailan, tubles idan rim da ruwan toshi suna samuwa, in ba haka ba TPU ko lateks ranar tsere. Mai tsohon firam ya ɗauki 25, ya daina cika ta bar 8. Mai horo kullum a hanyar Magarya ko ta Tanut, inda sauka gefen titi don kauce wa babbar mota ke jefa mutum cikin tsidau da ƙarangiya, ya sa aji na uku ko na huɗu. Wat ɗin da ya rasa a horo ba asara ba ce, ƙafa ce ke ƙaruwa. Wanda kuɗinsa na taya mai kyau ɗaya ne, ya sa ta a gaba, inda riƙo ya fi muhimmanci kuma ba ta saurin cinyewa, ya sa mai kauri a baya inda nauyi da yawancin huji suke. Idan ta baya ta ƙare, ta gaba ta koma baya, sabuwa ta hau gaba.

Bayan kowace fita, da kuma duk lokacin da aka taka gefen hanya, a juya ƙafafun a hankali a cire abin da ya maƙale da farce ko allura. Ƙayar tsidau takan karye ta bar kanta a cikin roba, ta yi kwana biyu ko uku tana nutsawa kafin ta kai tub. Idan an yi faci, kafin a mayar da tub a bi cikin tayar da auduga ko tsumma. Inda zare ya maƙale, nan ƙayar take.